Wa ke tallafa wa mai riƙon maraya?

Ummu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya nake da ita, kuma ina roƙon a ba ni amsa tsakani da Allah. A layinmu akwai wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai, maigidanta tela ne, 'ya'yansu biyar. Ƙanenta ya rasu a haɗarin mota. Matarsa ta gama takaba, bayan wani lokaci ta yi aure, sabon mijin ya ce shi ba ya riƙon agola. Sai dangi suka kwaso yara uku suka kawo wa wannan mata. Ranar da aka kawo su kowa ya yi alkawari: wannan zai ɗauki kuɗin makaranta, wancan kayan sallah, wani ya ce masara duk kaka. Yanzu ba mai ko leƙowa. Babbar cikin yaran ta daina zuwa boko, ita ke ɗaukar tiren ƙosai.

Da azumi kuwa za ka ga motoci a ƙofar gidajen marayu, ana sauke shinkafa ana ɗaukar hoto. Ban ce a daina ba, su ma suna buƙata. Amma ai mafi yawan marayunmu ba can suke ba, suna ɗakunan kakanni da gwaggonni da innoni. Me ya hana taimako sanin hanyar waɗannan ɗakunan? Kuma nauyin a wuyan wa yake: dangi, masallacin unguwa, mai unguwa, ko gwamnati?

Abu_Hafsa:
Wa alaikumus salam. Kin sosa mana inda ke mana ƙaiƙayi. Muna yawan cewa ɗa na kowa ne, amma ranar da aka koro yaro kan kuɗin makaranta mutum ɗaya ake bari da shi. Dangi ne farko, ba tantama.

Hajiya_Kaka:
Ummu Sadiq, Allah ya yi miki albarka. Bari in gaya muku yadda muka tarar da abin, don yaran yanzu sun ɗauka riƙo na marayu ne kawai. A'a. Da can ɗan fari ma ba kasafai yake tashi a gaban uwarsa ba, saboda kunya. A kai shi yaye wurin kaka, shi ke nan ya zauna. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, ɗan'uwanta zai ɗauki 'ya ya ba ta, ta raine ta har ta kai ta ɗakin miji. Ni kaina gwaggona ce ta riƙe ni alhali iyayena duka suna da rai. Amma ku lura da wannan: mahaifina bai taɓa janye hannu ba. In kaka ta yi, damin gero zai isa gidan gwaggo kafin ya cika rumbunsa. Sallah ta zo, atamfa biyu, tawa da tata. Da aurena ya tashi, kayan ɗaki da gara haɗuwa aka yi. Ga shi gidajen duk a gari ɗaya suke, in na kwana da zazzaɓi, kafin la'asar labari ya kai masa.

Yanzu fa? Gidan haya, ɗaki biyu, ruwa saye, wuta saye, makaranta kuɗi, asibiti kuɗi. An riƙe al'adar miƙa yaro, an yar da al'adar bin sa da dami.

Malam_Auwal_Zariya:
Bismillah. Falalar kam ba wanda bai sani ba. Hadisin Sahlu bin Sa'ad a Bukhari, Manzon Allah (SAW) ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka suke a Aljanna, ya nuna manuniya da ta tsakiya. A ruwayar Muslim an ƙara da cewa ko marayan nasa ne ko na wani. Amma tambayar Ummu Sadiq ta hukunci ce, bari in tsaya a kanta.

A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciyarwar da alƙali zai tilasta ba ta da faɗi: uba a kan 'ya'yansa, ɗa a kan iyayensa matalauta, miji a kan matarsa. Gwaggo ko baffa ko kawu ba a tilasta musu ciyar da 'ya'yan ɗan'uwansu. Hanafiyya da Hanbaliyya su ne suka faɗaɗa, suka ɗora wa dangi na kusa masu hali. To idan maraya yana da dukiya, daga cikinta ake ciyar da shi. Idan ba shi da ita, baitulmali. Idan babu baitulmalin da ke aiki, ya zama farilla a kan jama'ar Musulmi: wasu suka yi ta sauka a kan saura, kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ashe ke nan wannan mai ƙosai ba nata nauyin take ɗauke da shi ba, namu ne ni da ku.

Ku tuna sira kuma. Shekarar da fari ya matsa wa Ƙuraishawa, Abu Ɗalib ga iyali da yawa, Annabi (SAW) ya je wurin baffansa Abbas ya ce su rage masa nauyi. Shi ya ɗauki Aliyu, Abbas ya ɗauki Ja'afar. Abu Ɗalib ɗin nan shi ne ya riƙe Annabi tun yana ɗan shekara takwas, bayan rasuwar kakansa Abdulmuɗɗalib. Ba su jira ya zo ya roƙa ba.

Sani_Kurna:
Allah ya gafarta Malam, wato baffan yara mai mota da shaguna zai iya naɗe hannu ya ce Malikiyya ba ta tilasta masa ba?

Malam_Auwal_Zariya:
Malam Sani, alƙali ne ba zai tilasta masa ba. Allah zai tambaye shi kan yanke zumunci, kuma shi ne na farko a cikin jama'ar da farillar ta hau kansu, tunda ya fi kowa sanin halin da yaran ke ciki.

Yar_Riko:
Ni a riƙo na tashi, don haka ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ana ta maganar shinkafa da kuɗin makaranta, kuma gaskiya ne ana buƙatarsu. Amma gidan da na tashi babu yunwa, ba a kuma dukana fiye da sauran yara. Bambancin a ƙananan abubuwa yake. Ni ce ta farkon tashi, ni ce ta ƙarshen kwanciya. Baƙi suka zo, a nuna 'ya'yan gida da sunansu, ni a ce 'yar wajen marigayi ce. In kuɗi suka yi kaɗan, nawa karatun ake dakatarwa sai wani zango. 'Yan'uwan babana kan zo su zauna a falo su tambayi matar gidan, "Yaya yarinyar?" Ta ce lafiya lau. Ni ina tsaye da kofin ruwa. Ba wanda ya taɓa jana gefe ya tambaye ni ni kaɗai.

Wata malamarmu ta Islamiyya ce ta fara, don ta lura kullum ina gyangyaɗi a aji. Ba ta je gidan da faɗa ba. Cewa ta yi tana so a riƙa bar mata ni bayan azahar in taya ta kula da ƙananan ɗalibai. A wurinta nake barci, a wurinta nake aikin gida na boko. Da wannan na gama sakandare.

Duk kwamitin da za ku kafa, ku sa mace mai hankali da za ta riƙa zama da yaro shi kaɗai. Musamman 'ya mace da ta fara girma a gidan da akwai samari. Akwai abubuwan da ba za ta taɓa faɗa a gaban uwar riƙonta ba, domin ba ta da inda za ta koma.

Maman_Khalifa:
'Yar'uwa, Allah ya saka wa malamar nan da alheri. Ni daga ɗaya ɓangaren nake, 'ya'yan yayata biyu ne a hannuna. Wallahi ba wanda ya san zafin sai wanda ya yi. Ki tsawata wa yaro, maƙwabta su ce don ba ke kika haife shi ba. Ki ƙyale shi, dangin uba su ce kin yi masa riƙon sakainar kashi. Ki saya masa takalmi ki bar naki, naki ya fara jin haushinsa. Namijin da aka kawo mini ya daɗe yana fitsarin kwance alhali ya wuce shekarun haka, ba ya magana, abinci sai ya ɓoye a ƙarƙashin katifa. Ba ni da wanda zan tambaya. Wata nas ce ta ce mini firgicin rashin uwa ne, kada in kunyata shi a gaban yara, zai daina. Ya kuwa daina.

Kada kuma a manta da maigida. Shi ba jininsa ba ne, haƙuri yake yi, duk ranar da cefane ya gaza ni ke jin nauyinsa. Ban ce a biya ni ba. Amma da a ce dangin ubansu za su riƙa ɗaukarsu ko Asabar ɗaya a wata su kwana can, da na sarara, su ma yaran da sun san nasu.

Sadiya_Birmingham:
Anti Maman Khalifa, abin da kika faɗa na a ɗauke su kwana ɗaya ko biyu, a nan Ingila tsari ne mai zaman kansa. Akwai gidajen da aikinsu ke nan, karɓar yaro a ƙarshen mako don masu riƙo su huta. Ƙaramar hukuma ce ke kula da riƙo. Kafin a ba ka yaro sai an yi watanni ana bincikenka, a duba ko ka taɓa laifi, a ba ka horo. Bayan an kawo shi, yaron yana da jami'in walwala nasa, kai mai riƙo kana da naka daban, kuma ana ba ka kuɗin kula da shi kowane mako. Ko tsakaninku kuka shirya, in yaron da bai kai shekara 16 ba zai yi kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba danginsa na kusa ba, doka ta ce a sanar da hukuma. An ƙara tsaurara wannan bayan mutuwar Victoria Climbié a Landan a shekarar 2000, yarinya 'yar Kodibuwa da iyayenta suka ba wata 'yar'uwarsu don ta yi karatu a Turai, aka azabtar da ita har ta mutu tana shekara takwas.

Ban ce nasu ya fi ba. Yaro kan yi ta yawo daga wannan gida zuwa wancan, sau da yawa ɗan Musulmi ya faɗa gidan da ba a san sallah ba saboda Musulmi masu riƙo sun yi kaɗan. Kakannin da ke riƙon jikokinsu a nan ma kuka suke, yawanci ba sa samun abin da ake ba bare mai rajista.

Alhaji_Tanko:
Ni dai maganar kuɗi nake tsoro. Ranar da aka ce ana biyan mai riƙo duk wata, za ku ga ana rububin marayu kamar wurin rabon taki. Wanda bai iya riƙe nasa ba zai kwaso na wasu. Iyayenmu don Allah suka yi, shi ya sa Allah ya sa albarka. A bar abin a kan lada.

Malam_Auwal_Zariya:
Alhaji, tsoronka yana kan hanya, amma karɓar taimako ba ya cinye lada. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce wa majiɓincin maraya: wanda yake mawadaci ya kame, wanda yake matalauci ya ci gwargwadon abin da ya dace. Halimatus Sa'adiyya ma ana ba ta ladan shayarwa, bai rage mata daraja ba.

Musa_Sakatare:
Alhaji Tanko, akwai hanyar toshe wannan ƙofar. A masallacin unguwarmu muna da ɗan kwamiti, ba ma ba kowa kuɗi a hannu. Kuɗin makaranta makaranta muke kai wa, mu karɓo rasit. Magani, akwai mai kemis da muke da littafi a wurinsa. Hatsi kuwa bayan isha'i ake kai wa, ba hoto, ba kiran suna a lasifika, don mutane da yawa sun gwammace su kwana da yunwa da a nuna su a Facebook. Matar liman da wasu dattijai mata biyu su ke shiga gidaje, mu maza ba ma shiga. Da muka fara rubuta sunaye gida gida muka sha mamaki, layin da muke zaton maraya biyu ne sai ga su birjik, don ba mai zuwa ya ce ga shi yana riƙo.

Inda muke shan wahala shi ne Shawwal zuwa Sha'aban. Kwamitin marayu na Izala yana tara kuɗi masu yawa a wuraren tafsiri, ana ɗinka wa marayu kayan sallah, sauran ƙungiyoyi ma suna yi, Allah ya saka musu. Amma hannun mutanenmu a Ramadan yake buɗewa, makarantu kuwa sau uku a shekara suke neman kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, rabin masu ba mu gudummawar wata sun tsaya. Shi ya sa yanzu muke roƙon masu hali su yi waƙafi, ko shago ɗaya ne, haya ta riƙa shigowa ko da mai shi ya rasu. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato tana da ta Zakka da Waƙafi, amma hukuma daga hedikwata ba za ta san ɗakin mai ƙosai ba sai unguwa ta kai mata suna.

Abu_Hafsa:
Tambaya: ya halatta a ba mai riƙo zakka? Na ji wani yana cewa maraya ba ya cikin takwas ɗin.

Malam_Auwal_Zariya:
Gaskiya ne maraici shi kaɗai ba ya cikin azuzuwa takwas na aya ta 60 a Suratut Tauba, don akwai maraya mai dukiya. Maraya matalauci yana shiga ta ƙofar faƙirai da miskinai, haka ma mai riƙonsa in matalauciya ce.

Bana_Maiduguri:
Ku da ke Kano kuna maganar yara uku a gida ɗaya. Mu nan mun ga gidan da ya wayi gari da yara goma sha waɗanda ba a san inda iyayensu suke ba. Lokacin da mutanen Bama da Gwoza da Dikwa suka kwararo a 2014, mafi yawansu ba sansani suka shiga ba, gidajen mutane suka shiga. Gwamnatin Borno a zamanin Kashim Shettima ta ce marayun da rikicin ya bari sun haura 50,000. Wane gidan marayu ne zai ɗauke su? Tsofaffin mata ne suka ɗauka, wata ma a hanyar gudu ta tsinci yaro ta goya. Kayan agaji kuma sansani suka fi nufa, wanda ya buɗe ƙofar gidansa sau da yawa ba ya cikin lissafi.

Abin da nake so ku duba shi ne makarantar Future Prowess da Barista Zannah Mustapha ya buɗe a 2007 da yara 36. Karatu da abinci da kayan makaranta da magani kyauta, kuma yana karɓar 'ya'yan jami'an tsaron da aka kashe tare da 'ya'yan 'yan Boko Haram a aji ɗaya. Bai tsaya kan yaran ba, ya haɗa iyayensu mata zawarawa a ƙungiyar sana'a. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. In ka ɗauke wa uwa ko kaka kuɗin makaranta da abincin rana, ka kuma ba ta jari, ita za ta iya sauran, yaro kuma bai rabu da nasa ba.

Zainab_Funtua:
Ni fa an wuce wani abu da sauri. Uwar yaran nan tana da rai! Mutum ɗaya ya ce ba ya riƙon agola, aka raba uwa da 'ya'ya uku, kuma ba wanda ya ce masa uffan. Annabi (SAW) ya auri Ummu Salama da 'ya'yanta, Umar bin Abi Salama a gabansa ya tashi, shi ne yaron da aka koya wa ya ambaci Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Me ya sa maza ke son sunnar ƙarin aure ba sa son wannan?

Sani_Kurna:
Hajiya Zainab, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wani yana so ya riƙe, dangin uban ne ke zuwa su ƙwace, su ce ɗansu ba zai yi agolanci ba. Bayan sun ƙwace kuma su rasa inda za su kai shi.

Barista_Nura:
Bari in shigo da ɓangaren doka. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 tana da sashe guda kan riƙo. A can kotu ake nema, mai nema ya kai shekara 25 kuma ya girmi yaron da shekara 21 aƙalla, jami'an walwalar jama'a su riƙa ziyara. Sai dai kowace jiha sai ta yi tata dokar kafin ta yi aiki a cikinta. Kano a 2023 aka sa hannu kan dokar kare yara. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma, a sashe na 20, ta ambaci kafala ta Musulunci da sunanta a cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyalinsa. Amma mu faɗi gaskiya, riƙon dangi kusan duk ba ya zuwa kotu, kuma ba na jin zai fara zuwa gobe.

Abubuwa biyu nake roƙon duk mai riƙo ya yi. Na farko takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da sunan mahaifin yaro na gaskiya. Mutane kan sa sunan maigidan da ke riƙo a rajistar makaranta don tausayi, sai an zo NIN da JAMB ko rabon gado rigima ta tashi. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta riga ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Na biyu, a rubuta abin da mamaci ya bari a gaban shaidu, ko keken ɗinki ne, ko fili, ko haƙƙoƙinsa na wurin aiki. Na sha ganin an kai yara wurin gwaggo matalauciya, gado kuma yana hannun baffa da sunan ajiya. Ummu Sadiq, ki bincika: me mahaifin yaran nan ya bari, kuma a hannun wa yake? Wanda kuma ya riƙi yaro yana so ya bar masa wani abu, tunda ɗan riƙo ba ya gado, ya yi masa kyauta tun yana da rai, ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba.

Dan_Damagaram:
Gaisuwa daga Damagaram. Nan wajenmu mata sun fi mu dubara a wannan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, kowane mako suna zuba kuɗi a asusu, ana ba da bashi, kuma akwai ɗan asusu na dabam don rashin lafiya ko rasuwa. A garinmu in wata ta ɗauki marayu, 'yan ƙungiyarta ke fara sani, su ba ta jikka biyar ko goma ta ƙara jari, su kuma haɗa kuɗin littattafan lakkol, wato makarantar boko. Kuna da adashi a Najeriya, me zai hana a ware kwasa ɗaya ta zama ta marayun layi?

Nas_Rabi:
Duk marayun da kuke magana suna da dangi ko da na suna ne. Ku tuna da tsintattu. A asibiti muna ganinsu, jariri a kwali, jariri a bayan masallaci. A Kano bayan 'yan sanda sun rubuta rahoto akan kai su gidan yara na gwamnati da ke Nasarawa. Akwai mata da yawa da ba su haihu ba masu son ɗauka, abin da ke tsorata su bakin mutane ne, musamman ranar da aure ya tashi aka fara tambayar asali. Yaron nan bai yi laifin komai ba. Taimakon da unguwa za ta yi wa irin wannan gida, kafin hatsi, shi ne ta kame bakinta ta kuma hana 'ya'yanta zagin yaron.

Sannan don Allah kada wani ya karɓi jariri a bayan fage, ko wa ya kawo shi. A bi ta 'yan sanda da ma'aikatar mata da kotu. Ba mu manta da 2019 ba, da aka gano yara tara da aka sace a Kano aka kai Onica aka sayar, har an canja musu suna.

Fatima_Gusau:
Malam Auwal, in mace ta ɗauki jariri namiji, ya girma, za ta riƙa sa masa hijabi ke nan a cikin ɗakinta?

Malam_Auwal_Zariya:
Shayarwa ce mafita, aya ta 23 a Nisa'i. A Malikiyya in nono ya isa cikin yaro a shekara biyun farko, ko sau ɗaya ne, ya zama ɗanta na shayarwa. Shafi'iyya suka ce sai sau biyar. In ita ba ta da nono, 'yar'uwarta ta shayar da shi, ta zama innarsa. In yaron ya wuce shekarun, sai a kiyaye iyakoki idan ya balaga, wannan kuwa ba ya hana riƙo.

Ummu_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Barista, na tambaya: akwai babur da ɗan fili, suna hannun yayan mamacin. Mai unguwa ya yarda zai kira dangin su zauna da liman. Sai dai wata magana ta taso. Wasu sun ce a raba yaran, ɗaya ya zauna, ɗaya a kai wa baffa, babbar a kai Kaduna wurin wata 'yar'uwa mai hali. Ita mai ƙosai kuka take, ta ce ba za a raba su ba, taimako kawai take so. Ya kuka gani?

Alhaji_Tanko:
A raba. Malam da kansa ya kawo misalin Aliyu da Ja'afar. Yara takwas a kan kaskon ƙosai da keken ɗinki, yaushe za su ƙoshi? Alkawarin dangi kuwa kin ga yadda na farko ya ƙare.

Yar_Riko:
Alhaji, ku yi haƙuri, Aliyu da Ja'afar ubansu yana da rai kuma duk a Makka suke, suna ganin juna. Ni an raba ni da ƙanena, har yau gaisuwar baƙi muke yi. Kuma yarinya mai wannan shekarun da za a kai gidan masu hali a wani gari, a tambaya da kyau: makaranta za a sa ta, ko mai aiki ake nema? In dole sai an kai ta, a san sunan makarantar, a san wanda zai je ya gan ta, a kuma ba ta lambar wayar da za ta kira.

Hajiya_Kaka:
A tambayi uwarsu ma, tana da rai. Kuma a tambayi ita babbar, ai ta yi wayo.

Barista_Nura:
Duk abin da aka yanke a zaman, a rubuta, mai unguwa da liman su sa hannu, kowa a rubuta abin da ya ɗauka da watan da zai kawo. Babur ɗin a ba shi haya, kuɗin ya tafi makarantar yaran kai tsaye. In yayan mamacin ya ƙi, kotun shari'a tana da hurumin naɗa wa dukiyar marayu wani mai kula.

Alhaji_Tanko:
Takarda ba ta sa mutum ya ji tausayi, Barista. Ni dai ina nan a kan a rage mata ko ɗaya ne. Amma Ummu Sadiq, ki turo mini sunan makarantar babbar ta akwatin saƙo, zangon nan ni zan biya.